A Jone Yake, Amma Barci Yake Yi

Jiya na je shagon Taufiq mai hoto a Gamboru don a ɗauke ni fasfo. Na dawo gida ba fasfo, amma na samo abin ba ku labari.

A kan teburin Taufiq akwai wani ɗan baƙin akwati kamar sabulun wanki, jone da kwamfuta. Hadis suke ce masa. Ranar da na fara jin sunan har na gyara zama, na ɗauka wa'azi za a yi. Ashe rumbun hotuna ne. Duk biki da sunan da Taufiq ya ɗauka a ƙauyuka tun kafin rikicin nan suna ciki, kuma da yawa daga gidajen da aka rataya hotunan yanzu toka ne. Bakin wayar da ta haɗa shi da kwamfutar ya saki, ya ɗaure shi da robar tayar keke. Mai gyara ya gaya masa ranar da ya zare wayar nan, to ya yi wa rumbun addu'a.

Na tarar da Madam Rebeka zaune a benci. Mijinta Manasse malamin firamare ne a wani ƙauye gaba da Dusuman. Ya tafi gona wata damina bai dawo ba, gidansu kuma ya ƙone da komai. Autarta ta fara tambaya wai da wa Baba yake kama. An ce mata yana cikin hotunan bikin buɗe rijiyar burtsatsen ƙauyen, shi ne ta zo.

Rijiyar nan, jama'a, abar alfahari ce. Mai Girma Uban Ƙishirwa ya buɗe ta da shuɗin fenti, da zaɓe ya zagayo ya sake buɗe ta da kore. Ruwa yakan zo ranar biki, ya bi motocin baƙi ya koma. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ba kowa ke iya haƙa rijiya ɗaya ya sha tafi sau biyu ba.

Taufiq na cikin laluben hoton sai ga mota mai baƙin gilashi. Babakura ne ya fito, mai riƙe wa Mai Girma jaka. Ya jefa mana wushe ɗaya, gaisuwar Barebari, mu raba, ya ce za a buɗe sabuwar rijiya a ƙauyen nan in an maida mutane, saboda haka a goge tsofaffin hotuna kada mahassada su ce sun san ta. In ba za a goge ba, ya tafi da akwatin. Yana faɗi yana miƙa hannu wajen wayar.

Rebeka ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Shi kuwa Taufiq ko a jikinsa. Tun motar na tsayawa na ga ya danna mawus nan da can. Ya juya wa Babakura kwamfutar.

"Yallaɓai, duba da kanka. Ga shi a jone, amma kwamfuta ba ta ganinsa."

Babakura ya leƙa, ya buɗe nan, ya buɗe can, wayam. Na zaci zai yi gardama. Ina! Sai ya janye hannu, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gamu da ɗan garinsu.

"Haka namu na ofis suke. Komai a jone, ba abin da ke aiki."

Har jaje ya yi wa Taufiq kafin ya tafi. Na tambayi Taufiq wane siddabaru ne wannan. Ya ce ba komai, Baba, umarni ya ba kwamfuta ta manta da rumbun, barci ne ba mutuwa ba. Wai a bakin rijiyar ma ya koyi dabarar: ba a tone bututu, murfi kawai ake murɗawa.

Ya danna ya tashe shi. Shiru. Sai a nan na ga gumi a goshinsa. Ni da ba hotona a ciki har na fara salati. Can sai akwatin ya yi ɗan gurnani, hotuna suka zubo.

Ga Mai Girma ya cika hoto da babbar riga da almakashi. A bayan kafaɗarsa wani siririn mutum riƙe da jarka, yana dariya har wushiryarsa a waje. Rebeka ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Shi ne. Wushiryar yarinyar ke nan."

Ta yi kuka, ni ma na ce hayaƙin janareta ne ya shigar min ido. Taufiq ya ja layi ya yanke Mai Girma, ya wanke mata Manasse shi kaɗai, sai ɗan gefen hannun riga da ya ƙi fita.

Na ce ya koya min yadda ake sa manyanmu barci haka. Ya ce ai su tuni suna yi, kuma ba sai an tashe su ba, ƙamshin zaɓe ke tashinsu. Zarewa ce dai ta gagara, don robar da ta ɗaure su ta fi ta tayar keke. Fasfo kuwa, man janareta ya ƙare, ya ce in dawo ranar da aka kawo wuta. Ita ma a jone take.