Ranar da Muka Mayar da Ambaliya Ɗakin Inna Balki

A tsaye nake rubuta muku wannan, don bayana ya ƙi yarda in zauna. Jiya tun hantsi har dab da la'asar ina ɗauke da bokiti, ina ɗibar ruwa daga kogi ina kaiwa ɗakin maƙwabciyata ina zubawa. Kun karanta daidai. Shigar da ruwan muka yi, mu goma sha bakwai, magidanta masu gemu da mata masu jikoki, kuma babu wanda ya sha wani abu a cikinmu. Ku yi haƙuri in gaya muku yadda hankali ya kai mu nan.

Ni mutumin unguwar Kirkissoye ne a birnin Yamai, a hayin kogin Isa, shekara ashirin da biyu ke nan. Da can kogin nan yana da kunya. Lokacin sanyi yake cika, a hankali, ya zo iyakarsa ya tsaya, mu gaisa ya koma. Yanzu kuwa tsakiyar damina sai ruwan wata guda ya sauko a yini ɗaya, koramai su kwaso jar ƙasa su antayo, cikin kogin kuma yashi ya riga ya cike shi, sai ruwan ya rasa wurin zama ya shigo namu. Masu ilimi sun ce canjin yanayi ne. Ban musa ba. Ni dai na san tabarmar sallata ta taɓa fita ƙofar gida ba tare da ni ba.

Inna Balki katanga ɗaya ta raba mu. Daga Maradi ta zo tun tana amarya, mijinta ya rasu, ƴaƴan sun watsu neman abinci, ta rage ita kaɗai a ɗaki guda na ƙasa. Kopto take sayarwa a bakin titi, wato kwaɗon zogale, kuma rabin unguwar nan da shi suka girma. A ambaliyar bana ruwa ya kai mata ƙugu, bangon gabas na ɗakinta ya faɗi, ta yi kwana tara a ajin lakwal, wato makarantar boko, tare da sauran waɗanda ruwa ya kora.

Da ruwa ya janye sai muka yi abin da muka tarar iyayenmu suna yi, muka kira gayya. Yacouba magini, wanda ke bayan masallaci, ya kawo tubalin da ya ajiye don kewayensa. Mata suka kwashe ruwa da taɓo da robobi, maza muka taka ƙasa, matata Halimatou ta dafa shinkafa da wake a babbar tukunya. Cikin kwana biyu ɗaki ya tashi, an share, an shafe, har da turaren wuta. Inna Balki ta yi ta sa mana albarka tana kuka. Ranar na ji daɗin zama ɗan unguwar nan ƙwarai, ban san ɓarna muka tafka mata ba.

Ashe a daidai lokacin manya suna can ƙetaren gada suna tunaninmu. Rediyo ta ce sun yi taron kwana uku a wani otel kan abin da suka kira ƙarfafa juriyar al'umma. Dole a yaba musu, don a hawa na biyar suka yi taron, inda ko ruwan ya haukace ba zai kai ba, kuma wannan darasi ne babba ga masu taurin kai irinmu da muka nace wa zama a ƙasa. Sun ci, sun sha, sun tafa, suka yanke cewa duk wanda ambaliya ta rushe wa gida za a ba shi fili a tudu. Da Inna Balki ta ji, sai ta ce a sake faɗa mata. Shekara huɗu ke nan duk damina tana kwana da ɗaurin kayanta a kan kujera. Fili a tudu shi ne kaɗai abin da ya rage mata take roƙo a duniya, ta sha gaya wa Halimatou haka.

Bayan sati shida kwamitin ƙidaya ya iso cikin manyan motoci kat-kat biyu farare. Shugabansu wani bawan Allah ne mai rigar jile mai aljihu da yawa, da alƙalami uku a jere a ƙirji, ja da shuɗi da baƙi. Ban san sunansa ba, don haka zan kira shi Ranka Ya Daɗe Mai Alƙalami Uku, Allah ya ƙara masa na huɗu. Ya shiga gidan Inna Balki ya duba sama ya duba ƙasa, ya shaƙi turare, ya tambaya ina bala'in yake. Muka ce ai mun kwashe shi. Ya nuna mana takardarsa, ya ce gida biyu ne kawai na cikewa a jikinta: ko hoton ruwa a cikin ɗaki, ko hoton bango a ƙasa. Muka ce mu duka shaidu ne, ga liman ma. Ya ce ya yarda da mu ɗari bisa ɗari, amma takardar ba ta da gidan shaida.

“Madam,” ya ce da ita, “gidanki lahiya lau yake. Ki gode Allah.”

Ta gode. Me za ta ce?

Abin da ya ƙona mini rai shi ne gidan da suka shiga bayan nata. Akwai wani mutum a layinmu da ba ya gaisuwa, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza, ya yi faɗa da kowa har da mai kiran salla. Da ɗakinsa ya faɗi babu wanda ya ɗaga masa ko tubali ɗaya. To, ranar shi ne gwarzo. Kangonsa na nan yadda ruwa ya bar shi, suka ɗauke shi hoto ta fuska uku, Ranka Ya Daɗe ya rubuta sunansa da shuɗin alƙalami ya ja layi da ja, har ya kira shi ɗan ƙasa nagari mai kiyaye hujja. Mutumin ya dube mu ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa.

Kafin su tafi sun ce za su sake biyowa ran Talata da ƙarfe goma saboda waɗanda ba su tarar a gida ba. Bayan la'asar muka tsaya a ƙofar masallaci muna jimami, sai Yacouba ya ce shi fa ya ga mafita. Tunda mu muka fitar da ruwan, mu ya kamata mu mayar da shi. Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu, don kowa ya ga maganar ta zauna. Wani ya tambaya ko wannan ba ƙarya ba ce. Ni, da bakin nan nawa, na tashi na yi bayani cewa kogin dai shi ne, ɗakin shi ne, tsohuwar ita ce, abin da ya bambanta rana ce kawai. Liman bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce yana da uzuri ran Talata.

Shawo kan Inna Balki ya fi wuya. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa zuba ruwa a kunu don ya yi yawa ba, balle a ɗaki. Halimatou ta zauna da ita ta tuna mata damina mai zuwa. Daga ƙarshe tsohuwa ta yarda.

“Ni dai ba ni son a tsamo ni cikin ruwa kamar akuya,” ta ce. “Ku yi abin da za ku yi, amma kar wanda ya sa ni hwaɗin abin da ba shi ne ba.”

Muka ce ba sai ta yi magana ba, ruwan zai yi.

Jiya Talata muka fitar da kayanta, muka toshe ƙofar ɗaki da buhunan yashi don kada ambaliyar ta gudu. Buhunan nan an kawo su ne bara don tare kogi, ba su tare komai ba, sai jiya suka yi aikin kirki. Muka ja layi daga bakin ruwa har gida, bokiti na wucewa hannu zuwa hannu. Masunta suka tsayar da jiragensu suna kallonmu. Da ruwa ya kai gwiwa sai wata ta ce ai ya yi fari da yawa, ruwan damina ja ne, aka kawo jar ƙasa aka dama da muciya. Halimatou ta jefa takalmi ƙafa ɗaya ya riƙa yawo. Wani mai son gyara ya sayo tarwaɗa mai rai ya saka. Wallahi da muka gama, ambaliyarmu ta fi ta Allah tsari.

Ƙarfe goma ta yi, babu kwamiti. Sha biyu ta yi. Aka yi azahar. Ruwa na raguwa muna ƙarawa, don ƙasa na sha. Yacouba ya fara zagaya bangon yana taɓawa, fuskarsa ta canza, ya ce sabon ginin ƙasa ba a jiƙa masa ƙafa awa biyar. Muka ce ya yi haƙuri, manya na hanya. Dab da la'asar kat-kat ta shigo layi. Direba bai gama kashe mota ba bangon gabas ya yi wani nishi ya zauna, na kudu ya bi shi, rufin kwano ya kwanta a kansu. Ruwan ya fashe ya bi layi, har ya jiƙa takalmin Ranka Ya Daɗe. Allah ya sa Inna Balki na waje a gindin bishiyar bedi. Wani daga bayana ya fara tafi, ya ga ba wanda ya taya shi, ya daina. Ni kunya ce ta kama ni har cikin ƙashi.

Ranka Ya Daɗe kuwa ya ji daɗi. Ya ce rabon da ya ga bala'i mai kyau haka tun farkon aikin, ga ruwa ga bango, gida biyu a cike lokaci ɗaya. Bai tambayi yadda kogi ya tsallake gidaje arba'in busassu ya zaɓi ɗaki guda ba, ya ce binciken dalili aikin wani kwamiti ne. Ya sa aka yi hoto, har da tarwaɗar. Sannan ya zaro baƙin alƙalami ya tambayi tsohuwa yaushe ruwan ya shiga. Duk muka buɗe baki, amma ta riga mu.

“Yau da hantsi, ɗana.”

Ya duba wata takarda mai hatimi, ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce ambaliyar bana an rufe ta tun ƙarshen watan jiya, an haɗa rahoto, an ɗaure, an aika wa abokan hulɗa na ƙasashen waje, ba a iya ƙara ko ɗigo ɗaya. Duk ruwan da ya shiga gida bayan ranar, na ambaliyar baɗi ne. Sai ya miƙe tsaye sosai ya taya ta murna: ita ce mutum ta farko a duk birnin Yamai da ambaliyar baɗi ta rushe wa gida, lamba ɗaya a jerin suna. Sharaɗi guda ne, kada a taɓa komai har masu tabbatarwa su zo bayan damina mai zuwa. Ya rubuta mata lambar a ƴar takarda, ya buga hatimi, suka tafi wani taron.

A ɗakin Halimatou Inna Balki ta kwana. Yau da sassafe, ba tare da kowa ya kira kowa ba, muka hallara da fartanya da shebur da kwandon ɗaukar ƙasa. Yacouba ya ce zai rushe kewayensa ya kawo tubalin, tunda shawararsa ce. Mun tarar ta riga mu zuwa. Ta kifa turmi a bakin kangon ta zauna a kai, taɓarya a kan cinya, takardar nan a ƙulle a bakin zane. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Inna, mun zo mu gyara abin da muka ɓata.

“Mijinyawa,” ta ce da ni, “kun taimake ni sau biyu. Na gode, Allah shi saka. Amma duk wanda ya ɗaga mini tubali ɗaya nan wurin, ban yahe mishi ba.”

Babu wanda ya yi dariya. Matar da ta yi shekara arba'in tana aika kopto gidan duk wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa, yau ita ce ke gadin kango don kada maƙwabta su yi mata alheri. Wata goma sha biyu za ta yi haka, da zafin bazara da ruwan damina, kuma ba mu da bakin cewa ta yi kuskure. Muka saɓa fartanyoyinmu muka watse, kowa na kallon ƙasa.

Don haka ina miƙa jinjina ga manyanmu. Shekara da shekaru kogi na shiga Kirkissoye bai iya hana mu taimakon juna ba, su kuwa da takarda ɗaya mai gida biyu sun gama da abin cikin sati guda. Af, kafin in manta: da na dawo gida na ga tsaga a bangon ɗakina, daga taga har ƙasa. Ina roƙon ƴan'uwa da abokan arziki, don girman Allah, duk wanda ya gani ya yi kamar bai gani ba.