Ranar da Na Kashe Turaren Hajja Zainab

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a unguwar Alsawra ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ina sabon ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti a birnin Omdurman. Aikinmu shi ne mu bi gidajen da aka sami mai cutar kuturta, mu duba fatar mutanen gidan, mu yi musu allurar rigakafi don ƙara musu garkuwa. Abokiyar aikina Sit Nafisa ce mai allura, ni kuma mai baki. An zaɓe ni ne saboda ina jin Hausa, harshen yawancin mutanen unguwar (kuma saboda ba na gajiya da jin muryata).

Gidan Malam Isa muka je, wani dattijo mai ɗinkin takalman fata. Wata biyu ke nan da ya fara shan magani, kuma wata biyu ke nan yana cin abinci shi kaɗai a ƙuryar tsakar gida, da kwanonsa daban, alhali sauran mazan gidan suna kewaye da tire ɗaya. Matarsa Hajja Zainab ta ce ba wanda za a tsira wa allura a gidanta, kada maƙwabta su ce duk sun kamu.

Na gyara zama a kan angareb, gadon nan na igiya, na buɗe wa'azi. Na ce wanda ya fara magani ba ya yaɗa cutar. Na ce ba a ɗaukarta a kofi ko a musabaha. Har na ɗaga yatsa na ce mai gudun ɗan'uwansa saboda wannan jahilci ne ke damunsa. Sai da na ji kaina ya burge ni.

Ina rufe baki aka kawo jabana, wato butar gahawa, da kaskon turare kamar yadda aka saba, aka tura kaskon ƙarƙashin gadon don ƙamshi ya tashi. Malam Isa, da maganata ta faranta masa rai, ya taso da kansa ya zuba gahawar, ya miƙo mini da hannunsa mai tabo.

"Itfaddal ya daktor, bismillah likita. Yau ne farkon da na zuba wa baƙo tun da abin nan ya same ni."

Na karɓa ina murmushin yaƙe. Duk abin da na karanta ya gudu, sai muryar kakata da ta tsoratar da mu a kan kuturta muna yara ta dawo mini. Na kai kofin baki, na yi kamar na kurɓa. Da na ga hankali ya koma kan Sit Nafisa tana buɗe akwatin sanyi, sai na sauke hannu a hankali na tuttule gahawar ƙarƙashin gado.

Caaa! Daidai kan garwashin turaren. Tururi da toka suka turnuƙe daga tsakanin ƙafafuna, gida ya ɗauki ƙaurin gahawa. Kowa ya juyo. Ga ni riƙe da kofi babu komai, ga hayaƙi yana ba da shaida.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne fuskar Malam Isa. Bai yi fushi ba, kansa kawai ya sunkuyar.

Hajja Zainab ta dube ni sama da ƙasa ta ce da Sit Nafisa, "Ya bitti, 'yata, a akwatin nan babu allurar tsoro? Ki fara da daktor."

Dariya ta ɓarke, har Sit Nafisa (ban yafe mata ba har yau). Na ce, "Baba, na yi abin kunya. Don Allah ƙara mini." Ya zuba. Na shanye, na sake miƙa kofin. Sai da na sha huɗu, zuciyata na bugawa kamar injin raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku.

Hajja ta naɗe hannun rigarta ta ce tunda har matsoraci ya sha bai mutu ba, a fara da ita. Mutum tara aka yi wa allura. Da aka kawo abincin rana kuwa, ita da kanta ta ce wa mijinta ya matso cikin maza. Na ga dattijon nan yana share ido da gefen rawaninsa kafin ya sa hannu a tire.

Tun daga ranar na rage tsawon wa'azi. Duk gidan da na shiga, sai na shanye abin da aka ba ni tukuna kafin in kira wani jahili.