Ranar da Na Kusa Zama Sarkin Ruwan Bronx

Jama'a, yau da hantsi na yi gudun da rabona da irinsa tun ina firamare, a bakin teku, cikin babbar riga, da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗaya ƙafar na bar wa wani Yallaɓai sadaka. Bari in ba ku labarin da bakina kafin Souley mai shago ya riga ni, don shi gishirinsa yawa gare shi.

Makon jiya na ɗauko wani babban mutum daga filin jirgin sama na JFK a tasina. Mai kamfanin jirgin nutso ne, irin 'yan jiragen nan da ake zuba masu hannu da shuni a ciki, a nutsa da su ƙasan teku su kalli kifi. Muna cikin hira ya ce za su gwada sabon jirgi, akwai kujera ɗaya babu kowa, ya ba ni kyauta. Ni kuwa a gidanmu ba a koya mini mayar da hannun babba ba. Na yi godiya har da cire hula. Ko kaɗan ban tambayi kaina abin da ya hana masu kuɗi zama a kujerar ba.

Da na iya bakina da an zauna lafiya. Ina! Ana idar da sallar Juma'a a unguwarmu ta Tremont, nan Bronx, na ɗan raɗa wa mutum ɗaya tak. Kafin la'asar an naɗa ni Sarkin Ruwan Bronx. Ni da ko jirgin fito na Staten Island na shiga, tsakiya nake zama ina ta salati. Amma sunan ya yi mini daɗi, wallahi, har tafiyata ta canja.

Kun san halinmu, ba a barin matafiyi ya tafi babu saƙo. Hajiya Nimatu ta sama da mu ta aiko da galan, wai in ɗebo mata ruwan can ƙasa-ƙasa, an ce yana maganin ciwon gwiwa. Souley ya ƙunso mini kilishi, ya ce, "Sarki, in kun isa ka ɗaga ledar shagona ka ɗau hoto." Sai ga Alhaji Kadri, wanda ko gaisawa ba ma yi tun da muka yi cacar baki kan wurin fakin. Ya kama hannuna, idonsa ya ciko.

"Malam Ishawu, mu yafi juna. Rai ba a bakin komai yake ba."

Da zai fita ya waiwayo ya ce, "Wurin nan da kake ajiye mota, wa ka bar wa?"

Maiɗakina Zuweira ita kaɗai ce ba ta kira ni Sarki ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Baban Sumaya, wa ya duba lafiyar jirgin nan?"

Na ce wannan ai ƙasar masu tsari ce. Na ɗauki waya na dinga bin ofis-ofis. Allah ya ja zamanin Masu Girma! Na farko ya ce su saman ruwa suke kula da shi, ƙarƙashi ba nasu ba ne. Na biyu ya ce in jirgi ya yi nisa cikin teku ya fita daga hannun kowa. Na ukun shi ya fi su kirki, ya ce in kwantar da hankalina, idan wani abu ya same ni za su kafa kwamiti mai ƙarfin gaske. Na gode, ranka ya daɗe. Ko ba komai za a karanta sunana a taro.

Tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa. To amma da wane ido zan kalli mutanen Tremont in na fasa? Na ci kilishin mutane, an yafe mini laifuffukana. Haka na saɓa babbar riga yau na tafi da galan a hannu.

Yallaɓai mai jirgin da kansa ya zaga da ni. Jirgin bai fi tankin ruwan gidan haya ba. Ya nuna mini ƙofa, ya ce daga waje ake ɗaure ta da noti, don mariƙin ciki ɓarnar kuɗi ne. Masu bincike kuma, in ji shi, ba abin da suka iya sai jinkirta ci gaba. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na cire takalmi ɗaya, na zura ƙafa, na leƙa wurin direba. Sai na hango baƙin salatef manne a gaban sitiyari, wani jan haske yana leƙowa ta gefensa.

"Yallaɓai, mene ne a ƙarƙashin wannan?"

"Wata 'yar fitila ce mai yawan surutu," in ji shi. "Ba komai, baƙi kawai take tsoratawa."

Innalillahi! Ko wasali bai canja ba, maganata ce. Abin da nake gaya wa duk fasinjan da ya tambayi salatef ɗin gaban tasina ke nan. Na san irin mutumin da ke manna wannan abu, kullum ina ganinsa a madubi. Ban tsaya sallama ba.

Na iso gida ina haki, na zayyana wa Zuweira komai, ina jiran ta ce sannu. Ta ɗauki makullin mota ta sauka, na bi ta. Ta sa farce ta ɓare salatef ɗina, fitilar birki ta bayyana jajir.

"Kai ka samu ƙafar gudu," ta ce. "Ni da Sumaya kullum muna cikin naka jirgin nutson, a kujerar baya, kuma babu wanda ya naɗa mu sarauta."

Kunya ta rufe ni. Yanzu haka motar tana garejin Kojo bakanike, sarauta kuwa na yi murabus.

Af, na leƙa ta taga ɗazu. Alhaji Kadri ya riga ya faka a wurina, kuma ya aiko a gaya mini ya janye yafiyar.