Rasuwar Ladi, Tankin Kan Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗan zargi da ya ƙi kwanciya, Malam Bernard, tsohon makanikin famfo mazaunin Tumfure, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tankin ruwansa, Ladi, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a tsakiyar daminar bana, 1975.

Marigayiyar ba ta taɓa shan ko cokali ɗaya na fetur ba, a wannan zamani da kowa ke neman yin wanka da shi. Da rana iska ke juya farfela, famfo ya tura mata ruwa daga rijiya zuwa kan tudu, tana karɓa tana cewa "ɓul, ɓul, ɓul" cikin ladabi. Da magariba Malam Bernard ya buɗe bututu, ruwan ya gangaro ya juya wilin tsohon keke da dainamonsa, ƙwan lantarki biyu su kama, ruwan ya koma rijiyar da ya fito. Wutar gwamnati ba ta san hanyar Tumfure ba tukuna, amma har daga Barunde ana zuwa kallon gidan.

Rashin lafiyarta ya fara ne da ɗan karkacewa wajen gabas. In iska ta taso sai ta ce "ƙiiiƙ", kamar mai ciwon baya. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "rim!" Da aka duba gawa, sai aka tarar tudun da ta zauna a kai tsohon suri ne, gara ta cinye ƙafafunta na katako daga ciki, ta bar fenti kawai.

A nan ne zuciyar mai makoki ta ƙi nutsuwa. Wuri biyu ya duba kafin ya ɗora ta: wani dutse a iyakar gonarsa da ta maƙwabcinsa, da wannan jan tudu. Maƙwabcinsa Rufa'i, mai sayar da janareto a kasuwa, shi ya ce tudun ya fi tsayi, ruwa kuwa daga sama ya fi ƙarfi. Gaskiya ne uwargida Dokas ta ce a gindin tudun take kwasar shinge, garar nan mai fiffike, duk damina. Amma ba a kai wa mai soya shinge shawarar injiniya, haka Malam Bernard ya gaya mata a lokacin.

Bai ce kowa ya yi komai ba, zato zunubi ne. Yana dai tambaya: wa ya kafa turaku kewaye da dutsen nan watan jiya? Wa ya iso ta'aziyya tun ruwa bai gama tsanewa a tsakar gida ba, da sabon janareto a amalanke? Ruwa ba ya tsami banza. Kuma ya fi masa sauƙi gari ya ce an cuce shi, da a ce makanikin da ya tsufa da sifana a hannu ya ɗora tanki a kan gidan gara. Wannan maganar ce ba ya so ta fita, ita ke hana shi cin tuwo.

Ladi ta rasu ta bar farfela tana juyawa ba ta san an yi rashi ba, da wilin keke, da ƙwan lantarki biyu marayu, da keken ɗinkin Dokas da ya koma aiki gaban aci-bal-bal. Allah ya ba su haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, a inda ta faɗi. Ba sai an zo da diga ba, gara ta riga ta haƙa. Kowa ya riƙo fitilarsa, domin an mayar wa Rufa'i tayinsa na haska zaman makoki kyauta. Malam Bernard zai zauna bakin ƙofa yana duban fuskoki, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

An roƙi Dokas kada ta yi jawabi, ta kuma amince ba za ta ce uffan ba. Ta ce abin taɓawa kawai za ta raba wa masu ta'aziyya: soyayyen shinge faranti guda, wanda ta kwaso a gindin marigayiyar.