Injiniya Alojzy da Murhun da Ya Raina Shi

Duk faɗin unguwarmu, nan bayan garin Rybnik, babu mai ilimin kwal kamar Alojzy Pytlik. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma wa ya isa ya musa wa mutumin da ya shekara talatin da ɗaya a mahaƙar kwal? Gaskiya ne a ɗakin fitilu ya yi su, yana miƙa wa masu shiga rami fitila ta taga. To sai me? Ai ya ga kwal a fuskokinsu in sun fito. Shi ya sa muke ce masa Injiniya, shi kuwa yana amsawa har da gyaran murya.

Abin alfaharinsa shi ne murhun da ke ɗakin ƙasan gidansa, wanda ke tafasa ruwa ya tura shi cikin bututu ya ɗumama ɗakuna. Hura wuta da kwasar toka, waɗannan ƙananan ayyuka ne, ya bar wa matarsa Truda. Shi nasa aikin na ƙwaƙwalwa ne. Yakan sauka da hantsi, ya ƙwanƙwasa ma'aunin zafi da ɗan yatsa, ya murɗa wani abu ya mayar da shi yadda yake, ya hauro a gajiye. Daga nan sai bakin shinge, ya karantar da maƙwabcinsa Ewald, wanda ƙurar rami ta cinye masa huhu.

"Murhu, Ewald, ma'aikaci ne. In ya san akwai shugaba a kansa, ba ya wasa."

Ewald ya yi tari ya ce haka ne.

Bana sai Truda ta zame a ƙanƙara ta karye a ƙugu, likita ya hana ta taka matakala. A satin ne 'yarsu Bozena ta bugo waya daga birnin Gdansk. Za ta kawo musu jikansu na fari, ɗan wata biyu, ranar Barbara, idin masu haƙar kwal. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: in gida da sanyi, yaro ba zai kwana a cikinsa ba. Injiniya ya yi dariya har da buga cinya. Sanyi? A gidansa?

Sati biyu da komawar murhu hannunsa, murhu ya fara rashin kunya. Wuta ta lafe, hayaƙi ya riƙa dawowa ciki, bututu suka yi sanyi ƙalau. Truda ta kira shi daga gado.

"Maigida, ka ɗaga murfin sama ka…"

"Ke Truda, ki ji da ƙugunki. Wannan harka ta masana ce."

Da farko ya gano cewa laifin kwal ne, na yanzu ba irin na zamaninsu ba ne. Ya yayyafa masa ruwa don ya daɗe yana ci, wuta ta mutu murus. Sai ya gano cewa zafi na gudu ta ƙofar iska, ya toshe ta da tsumma. Da abin ya ƙi, ya zuba tsofaffin takalma biyu da robobin lemo don a ƙara wa wutar kuzari. Ranar nan shanyar unguwa kaf sai da aka sake wanke ta saboda baƙin hayaƙi. Ewald ya leƙo ya ce ko ya duba masa?

"Ewald, kai ka haƙa kwal, ni na fahimce shi. Akwai bambanci."

Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne.

Ranar Barbara ta zo. Injiniya ya sha baƙaƙen kayan idi masu maɓallan ƙyalli, ya kafa hula mai gashin tsuntsu. Tsofaffin abokan aiki suka zauna da rigunan sanyi a jikinsu, kowa ya yi magana sai tururi ya fito masa a baki. Man naman da ke tebur ya daskare. Mai gida ya bayyana musu cewa ɗumi mai yawa yana kashe jiki, masana sun tabbatar.

Ana haka Bozena ta shigo da jariri, mijinta na biye da ita. Ta shaƙi iska sau ɗaya, ko bargon yaro ba ta buɗe ba, ta juya ta tsallaka gidan Ewald. Baƙi suka dubi juna, suka ɗauki tukwane suka bi ta. Biyu daga cikinsu suka ɗauki Truda da kujerarta. A bakin ƙofa ta ce su dakata, idonta ya kawo ruwa don takaici.

"Alojzy, ka ɗaga murfin sama, ka kankare kunkunniyar da ta toshe hanyar hayaƙi. Ƙarfen kankarewar yana bayan ƙofa. Duk Asabar nake yi, shekara talatin da takwas, kana can bakin shinge kana wa'azi!"

Wallahi ya ba ni tausayi. Bai ma san murfin yana buɗewa ba. Haka ya sauka da kayan idinsa, ya kwaso kunkunniya bokiti huɗu. Ya cire tsumma, wuta ta kama tana gurnani. Ya tsallaka gidan Ewald da sauri don ya ɗauko jikansa, baƙi ƙirin tun daga hula har takalmi, idanu kawai ke haske.

Mu nan in muka ga mai sharar bututun hayaƙi, maɓalli muke kamawa don neman sa'a. Yana shiga, ɗaki duka kowa ya cafke maɓallinsa.

"Jama'a," in ji Injiniya, "na gano matsalar. Dama tun farko nake zargin…"

Ya miƙa hannu ga jariri. Yaro ya dube shi, ya tsandara ihun da ya fi ƙarfin jikinsa. Bozena ta janye shi ta ɗora a cinyar Ewald, ya yi tsit, har ya kama masa yatsa. Nan mijinta ya ɗauki hoto.

Gidan Injiniya ya yi ɗumi kwana uku, shi kaɗai a ciki, don Bozena ta ce warin roba bai fita ba. Hoton kuwa ta aika wa dangi kaf. Dangin mijinta har yau suna duban Ewald a hoton suna yaba kakan yaron, wai daga gani mutum ne mai natsuwa, ba shi da surutu.