Ranar da Na Girgiza Gwangwanin Toka

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba da na tsaya gaban dattawa sun fi ashirin ina girgiza shara da hannu biyu, ina kuma murmushi. Murmushin nan shi ya fi ci mini rai har yau.

Ina aiki ne a wani ƙaramin ofishi a Bagudo da ke shiga tsakanin manoma da makiyaya (sunan ofishin ku bar shi, har yanzu a nan nake cin abinci). An ɗauke ni saboda difilomar kwamfuta da na yi a Birnin Kebbi, kuma na tabbatar kowa ya san da ita. Ko ruwa zan roƙa sai na san yadda na sako difiloma a cikin zancen.

A ofishin na tarar da Baba Nomau, masinja, mutumin Geza. Bai taɓa shiga aji ba. Shi ke shara, shi ke kai takardu, shi kuma ke kula da injin fotokwafi, wani ƙato na hannu da aka sayo daga tsallaken iyaka. Injin nan bai jin Turanci ko kaɗan, duk ƙorafin da zai yi da Faransanci yake rubuto shi. Baba ma bai jin Faransancin, amma da ya saurari ƙarar injin ya dubi ɗan zanen da ya fito, ya san inda ke masa ciwo.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, mutum zai wuce teburina, ya wuce difilomata da na rataye a bango, ya ce, "Ina Baba? Inji ya tsaya." Shi ya sa da shugabanmu, Alhaji Bawa, ya ce an umarce shi ya rage ma'aikata, ni na zauna na rubuta masa shafi biyu. Na ce aikin inji na masu ilimin zamani ne, shara kuwa kowa na iya yi. Alhaji ya karanta, ya yaba da Turancina, ya sa hannu.

Ranar da Baba zai tafi ya zo teburina riƙe da hularsa.

"Malam, taso in gwada maka cikin wanga abu kahin in tahi. Shina da hali."

Ban ko ɗago kai ba. Na ce, "Baba, shekara biyu na yi ina karanta shi." (Gaskiyar magana, a hoto kawai aka taɓa nuna mana cikin irin wannan inji, hoton ma baƙi da fari.)

Ya ce, "To, Allah shi taimaka." Ya ɗaure tabarmarsa a bayan keke ya tafi.

Wata huɗu inji bai ba ni kunya ba. In zuba takarda, in danna koren maɓalli, ya yi aiki. Har na fara ba da labarin yadda na gyara tsarin ofis.

Sai ga babban zama ya zo, gab da kaka. Dattawan manoma daga Matsinkai da Geza, da makiyayan da ke ƙetarowa daga ƙasar Binin kowace shekara, an yi zama uku ana tashi baram-baram a kan burtali da mashaya da ranar da za a saki shanu cikin gonaki. A zama na huɗu Allah ya sa aka daidaita. Aka rubuta yarjejeniya da hannu a wurin, aka karanta, kowa ya dangwala yatsa. Ardo, jagoran makiyayan, ya ce ba zai tashi ba sai an ba kowane ɓangare kwafi a hannu, don kada gobe a ce ba haka aka yi ba.

A cikin wakilan Geza, can layin baya, wa zan gani? Baba Nomau. Ashe mai garinsu ya sa shi cikin tawaga. Ya gaishe ni da fara'a. Na amsa kamar wanda ake bi bashin gaisuwa.

Alhaji ya miƙo mini takardar ya ce, "Ga gwaninmu nan, minti biyar ya gama." Injin kuwa a kusurwar zauren taron yake, ido na ganin ido. Na tashi cikin farar shaddata, na ɗora shafin farko, na danna kore.

Inji ya yi wani ɗan kuka ya tsaya. Jar fitila ta kama, rubutun Faransanci ya cika gilashi. Kalma ɗaya na gane a ciki: tona, wato baƙar hodar da inji ke rubutu da ita. Na ce a raina, tona ta ƙare, wannan ai wasa ne. Na ajiye yarjejeniyar a kan tebur gefen injin, na buɗe ƙofar gaba.

Tafintan baƙin, wani mai tabarau da suke kira Mushe Idi (can haka ake kiran malamin boko, ba mushen da muka sani ba), ya matso ya ce, "Malam, in karanta maka?"

Na ce, "A'a, zauna abinka. Mun saba."

Mun saba! Ni da wa?

Na leƙa ciki na ga wani gwangwanin roba a ƙasa. Na jawo shi, na ji nauyi, na hango baƙar hoda ta cika shi har wuya. Farin ciki ya kama ni. Ga tona cike maƙil, inji na ƙaryar ta ƙare. Na tuna na taɓa ganin masu shagon fotokwafi suna girgiza tona idan ta dunƙule. Na juyo na fuskanci jama'a don kowa ya ga aikin ilimi, na ɗaga gwangwanin daidai ƙirjina.

Daga layin baya na ji murya: "Malam, kada ka..."

Na ji shi sarai. Na ma gane muryar. Saboda na gane ta ne na ƙara ƙarfi.

Girgiza ta farko lafiya. Ta biyu kuwa, ban san gwangwanin yana da ramuka a buɗe ta sama ba. Hoda ta yi tsiri ta doke ni a fuska, fankar silin da janareta ke juyawa a lamba biyar ta karɓi sauran ta raba wa kowa. Rawanin mai garin Matsinkai, lemon kwalba, biskit ɗin baƙi, gemun Ardo. Ni kuma idanu kawai suka rage mini da haƙora, don murmushin bai samu damar sauka ba.

Zaure ya kaure da tari. Wani ya kashe fanka. Da ƙura ta lafa na dubi tebur, sai na ga yarjejeniyar ta yi baƙi ƙirin.

Da na tsaya nan da an karkaɗe ta an wuce. Amma hankalina ya riga ya gudu. Na zaro hankici, na tsoma a ruwan shayi mai ɗumi da ke kusa, na goge takardar da iyakar ƙarfina. Hoda ta zama kwalli, tawadar biro ta narke ta bi ta, takarda ta huje. Inda ya huje ɗin kuma daidai layin da ya ba makiyaya mashaya ne.

Ardo ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi Alhaji ya ce, "Alhaji, wanga yaro ɗan manoma na, ko? Duk takardar ga, wurin ruwanmu kaɗai ya gani ya goge?"

Sai surutu ya tashi. Masu Fulatanci na yi, masu Dandanci na yi, manoma na rantsuwa ba su san komai ba. Na buɗe baki in yi bayani, tari ya sarƙe ni, na tofar da baƙin yawu a kan takalmina. Mushe Idi ya gyara tabarau, ya leƙa gilashin injin, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji, sannan ya fassara: "Ya ce gwangwanin sharar tona ya cika, a canza shi. Ya kuma ce a riƙe shi a miƙe, kada a karkata." Ya dube ni ta saman tabarau. "Girgizawa dai bai ambata ba. Ina jin bai zaci za a kai nan ba."

Baba Nomau ne ya ratso mutane. Ya dubi Ardo ya ce, "Ardo, ka san ni ba yau ba. Wallahi ba mugunta ba ce. Bai sani ba ne kawai, kuma bai son a sani bai sani ba."

Zauren ya fashe da dariya, har Ardo. Maganar da ta cece ni ke nan, kuma da a ce zaɓi aka ba ni, da na gwammace a ci gaba da zargina da makirci. Maƙiri ko ba komai ana ganinsa da wayo.

Baba ya naɗe hannun riga. Ya nufi kabad ɗin bayan ƙofa, ya jawo kwali daga ƙasa, ya fito da sabon gwangwani fanko a cikin leda. Wata huɗu ina jingina jakata a jikin kabad ɗin nan. Ya karɓi tsohon daga hannuna (ashe har lokacin ina rungume da shi da hannu ɗaya), ya toshe ramukan da murfinsu, ya ɗaure a leda. Ya share bakin wurin da busasshen tsumma, ya zura sabon har ya ce ƙas, ya rufe ƙofa. Fitila ta koma kore. Bai kai minti uku ba.

"Wagga toka ce, ɗana," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Abin da inji ya ci ya rage, nan yake zubawa. Tahi ka wanke da ruwan sanyi. Na zahi kama jiki yake."

Inji ya tashi, amma babu abin da za a kwafa. Sai an sake rubutawa an sake dangwalawa, ga shi dattawa biyu sun riga sun fice cikin fushi sun hau babura. Ardo ya ce ba ya dangwala wa takardar da babu yatsan kowa da kowa a kai. Aka ɗage zama sati biyu. A cikin sati biyun nan shanu suka shiga wata gonar dawa da ba a girbe ba, aka yi rigima, aka fasa wa wani mutum kai. Ya warke, an kuma sa hannu daga baya. Babu wanda ya ce laifina ne a gabana. Ba sai an faɗa ba.

Abin da ba zan yafe ba shi ne na Alhaji Bawa. Tun ina tsaye da baƙar fuska ya dafa kafaɗar Baba a gaban jama'a ya ce, "Ni dama na faɗa, irin su Baba ba a rabuwa da su. Yaran yanzu ne ba sa jin magana." Mutumin da ya yaba da Turancina! Kuma kada ku zaci an mayar da Baba aiki. An ba shi lemo biyu da kuɗin mota, ya koma Geza. Ƙarin girman da ake ce mini yana hanya har yau yana hanya. Abin da ya iso shi ne suna: daga Bagudo har kasuwar Dole Kaina, Malam Toka ake ce mini. Akwai masu kirana da shi cikin ladabi, suna zaton sunan gidanmu ne.

Bayan wata guda na sayi goro na hau babur zuwa Geza. Na tarar da Baba yana sussukar gero. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ni ne na rubuta takardar da ta sa aka sallame shi.

Ya ce, "Na sani. Ni na yi mata kwahi uku."

Ya karɓi goron, ya sa mini albarka, ya koma kan aikinsa. Ko zagi ɗaya bai ba ni ba in samu abin riƙewa a hanya.

Abin da na koya bai da yawa. In tsoho ya ce ka taso ya gwada maka wani abu, taso, ko da kana da digiri uku. In kuma ka ga abu cike maƙil a inda kowa ya bar shi bai taɓa ba, kada ka yi saurin murna. Mai yiwuwa shara ce.