Sai Mai Laifi Ake Yafe Wa

Jiya na yi asarar wuni guda da takalmi ƙafa ɗaya a ƙofar gidan yari, kuma duk laifin rediyo ne. Ita ce ta sanar da safe cewa Mai Babbar Kujera, Allah ya ƙara masa taushin zuciya, ya yi wa fursunoni afuwa. Ban gama kurɓar shayi ba sai ga maƙwabciyata mai ɗinki ta faɗo gidan, mayafi a karkace.

"Malam, taso ka raka ni! Yau baban yara zai fito."

Mijin nata direban motar haya ne. Shekara huɗu ke nan yana tsare saboda wani buhun kaya da fasinja ya bari a motarsa, aka ce na sata ne. Har yau ba a yanke masa hukunci ba. Yau alƙali ya tafi taro, gobe fayil ya ɓata, jibi babu man da za a kai fursunoni kotu.

Na goya ta a babur, tana rungume da sabuwar rigar da ta ɗinka masa. Muka tarar da jama'a cunkus, kowa ya zuba wa ƙofa ido. Can wajen azahar aka wangale ta, sai ga wata baƙar mota tana sheƙi. Wa ke ciki? Ranka ya daɗe, babban mutumin nan da ya sayar da magungunan asibitin yara, ya cika kwalabe da ruwa mai launi. Shekara goma sha biyar aka yanke masa. Bawan Allah ya daure ya yi wata bakwai cur, a ɗakin jinya mai na'urar sanyi. Har ƙiba ya yi don wahala. Masu gadinsa suka ture mu gefe, a nan takalmina ya bi kwata.

Bayan ƙura ta lafa, gandiroba ya karanta sunaye. Babu direba. Mai ɗinki ta matsa kusa.

"Yallaɓai, ko an tsallake layi ne?"

"Baiwar Allah, an yanke masa hukunci?"

"A'a."

"To ai afuwa ta masu laifi ce. Mijinki a idon doka ba shi da laifin komai. Me za a yafe masa?"

Jama'a, kun ji adalci! Mutum ya cika tsarki har ba za a iya sakinsa ba.

A hanyar dawowa mai ya ƙare mana, muka shiga layin gidan mai. A nan muka haɗu da ɗan ƙanwata, lauya, yana fifita da takardun ƙara a cikin motarsa. Na ce, "Kai da ka yi karatu, iyayen yaran da suka sha ruwa mai launi ba za su iya kai ƙara a soke wannan afuwar ba?"

Ya ce, "Kawu, za su iya. Amma tsarin mulki ya damƙa ikon a hannun shugaba. Akwai kwamiti mai ba shi shawara, in ya ga dama ya ɗauka."

"In bai ga dama ba fa?"

"Ya gode musu, a sha lemo, a watse."

"Kotu fa?"

"Kotu za ta duba ko kwamitin ya zauna, ko an sa hannu, ko an buga hatimi a inda ya dace. Dalilin afuwar kuwa, galibi sai ta ce ba huruminta ba ne."

Wato alƙali zai binciki biro, ba zai kalli hannun da ya riƙe shi ba. Madalla da wannan ladabi.

Duk wannan mai ɗinki tana ta ninke rigar tana warwarewa. Sai ta ce, "Lauya, in da baban yara ya saci buhun da gaske, shekara nawa za a ba shi?"

"Bai fi biyu ba, Inna."

Ta ƙirga shekarun da yatsu. Sannan ta ce, "To ranar ziyara zan roƙe shi ya ce shi ya sata."

Lauya ya sunkuyar da kai. Ya ce ko amsa laifin ma sai a gaban alƙali, kuma sai an gano fayil.

Don haka yanzu addu'ar da muke yi a unguwa ita ce Allah ya sa a samu direba da laifi. Ku taya mu da amin, amma ƙasa-ƙasa, kada manya su ji su ɗauka habaici ne. Na tambayi lauya, ya ce laifin yi wa manya habaici bai taɓa ganinsa a jerin waɗanda ake yafewa ba.